Me ya sa ƙwayar yis take toho ta gefe ɗaya?

Ɗaliba daga Aboabo, Kumasi:
Assalamu alaikum. Jiya a ɗakin gwaji na ɗiga yis ɗin burodi a ruwan sukari, na duba ta madubin ƙara girma, sai na ga kowace ƙwaya ta fitar da toho ɗaya tal. Malamai, me ke zaɓar mata wannan wurin?

Malami daga Nima:
Wa alaikumus salam, 'yata. Jagoran aikin wani furotin ne mai suna Cdc42, wanda wani furotin, Cdc24, ke kunna shi ta hanyar musanya masa ƙaramin sinadarin GDP da ke manne da shi da wani mai suna GTP. Da zarar Cdc42 ya kunnu, furotin Bem1 yana janyo ƙarin Cdc24 zuwa wurin, har taron ya rinjayi sauran sassan fatar ƙwayar. Daga nan zaruruwan furotin aktin suke miƙewa, furotin mai dako Myo2 yana bin su da kayan ginin bangon ƙwayar zuwa bakin tohon.

Ɗalibi daga Asawase:
Malam ya yi bayani. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne ƙwayar da Cdc42 ɗinta ya lalace: tana kumbura ta ko'ina, ba ta toho.

Malami daga Nima:
Haka ne. Shi kuwa furotin Rsr1 yana nuna wurin da tohon zai fito, ko dai kusa da tabon tohon baya ko a ɗaya ƙarshen ƙwayar.