Ƙanena ya kamu da tiramol, a gida kuma ana cewa iska ce

'YarZango:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne a nan Damagaram, tun asuba yake fita sai dare, kwanakin baya ya faɗi a fada, wurin zaman hirarsu, yana ta fizge-fizge kumfa na fita a baki, abokansa ne suka kawo shi gida. Na duba aljihunsa na samu ƙwayoyin tiramol. Inna ta ce iska ce, kawunmu kuma ya ce a kai shi gidan mari a ɗaure shi har ya daina. Ni hankalina bai kwanta da ɗaurin nan ba wallahi. Wanda ya san abin nan ya taimaka min.

MaiAlluraBirni:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ni ma'aikacin jinya ne, wannan faɗuwar mun san ta sarai, tiramol idan ya yi yawa a jiki yana kawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yin ta ba. Ki duba lambar da ke jikin fakitin. Na farmasi 50 ne ko 100, kuma ko majinyaci ba a yarda ya wuce miligiram 400 a yini ba, amma wanda ake sayarwa a tebur da hannun masu yawo da magani za ki ga 200, 225, har 250 a ƙwaya guda, yaro ya jefa biyu uku a shayi da safe, kin ga ya wuce iyaka tun bai tada moto ba. Dangin kodin ne, jiki yana sabawa da shi, shi ya sa ranar da bai sha ba sai zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci da faɗa da kowa. Don Allah kar ku ɗaure shi ku yanke masa rana ɗaya, azaba ce kawai kuma ranar da aka kwance shi wurin mai ƙwaya zai nufa, abin tsoron ma jikin ya rage sabo, in ya sha yawan da ya saba numfashi na iya tsayawa. Ku kai shi babban asibiti wurin lokotoro, a hankali ake rage masa. Ki kuma tambaye shi ko yana haɗawa da diyazefam, ƙwayar sa barci, ko giya, haɗin nan ne ya fi kashe yara. In ya sake faɗuwa ku kwantar da shi a gefe ɗaya, kar a tura masa cokali ko ruwa a baki.

TsohonƊanKabu:
Yaya ni na sha na bari, gaskiya zan gaya miki. Ba don nishaɗi yawancinmu muka fara ba, mai moto yana jiran kuɗinsa kullum, ga esans ga rana ga ciwon baya, wani ya miƙo maka guda ya ce gwada, ranar sai ka yi aiki har dare ba ka ji komai ba. Bayan wata biyu kuma ba don ƙarfi kake sha ba, don ka iya tashi daga tabarma ne kawai. Abin da ya taimake ni barin fadarmu, don duk magani in ka koma cikin mutanen da ke sha yamma ɗaya ta isa. Kuma kar ku kira shi ɗan ƙwaya a gaban yara, kalmar nan tana sa mutum ya bar kwana gida.

MalamGarinMalam:
Ɗiyata, duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, babu saɓani. Amma Annabi (SAW) ya umurce mu da neman magani, addu'a da asibiti ba sa karo. Ki gaya wa kawunki na ce a yi masa addu'a a gida, a kai shi likita. Ɗaure bawan Allah da sarƙa ba na goyon bayansa.

Hajiya_SabonGari:
Ni abin da ke ci min rai masu sayarwa. Tun 2018 Najeriya ta hana sirop mai kodin, Indiya ma da ake kawo tiramol daga can ta tsaurara doka a shekarar, 'yan OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ta Nijar, suna kamawa ana ƙonawa, amma har yau yaro ɗan lakwal ya san wurin da zai samu a unguwarsu, mu iyaye ne kawai ba mu sani ba. Mu daina rufa wa mai sayarwa asiri don kawai ɗan maƙwabci ne.

'YarZango:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, 225 ne. Na karanta wa Inna maganar Malam ta yarda, ranar Litinin za mu kai shi in sha Allah. MaiAllura, kafin ranar mu karɓe moton ne ko mu bar shi ya fita aiki?

MaiAlluraBirni:
Ku karɓe makullin yau ɗin nan. Wanda ya faɗi a fada zai iya faɗuwa a kan titi da fasinja a baya. Kuma kar ku jira Litinin, ku je gobe da safe, ki tafi da fakitin a hannu ki nuna wa lokotoro.