Sifirin ɗin Shas a bayan Hilux: zai zauna kuwa?

Direban Halaga, Jidda:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san ƙarfe. Ina da Hilux ƙirar 2012, mai gida ɗaya, ta fetur, da ita nake ci da iyali. Da asuba nakan yi lodi a Halaga, kasuwar kayan gwari ta Jidda, albasa da dankali da tumatir, wani lokaci in haɗa da buhunan shinkafa masu kilo 40 ko katan-katan na ruwa, in kai wa masu shaguna a Makka. In kayan marmari sun yi kyau a Ɗa'ifa, can ma nakan hau.

To tun bayan azumi bayanta ya zauna. Ko babu kaya, in ka ja baya ka dube ta za ka ga ɓangaren direba ya fi yin ƙasa. In aka yi lodi kuwa, ganyen sifirin ɗin miƙewa yake yi sambal, robar nan da ke tsakanin shasi da aksul har ta cinye tana sheƙi. Ko ɗan tudun rage gudu na hau sai in ji "gum" har cikin ƙashin bayana. Da dare masu tahowa sai ƙyafta mini fitila suke yi, don hancinta ya ɗaga tana haske musu ido.

Na je tashlihin Buraiman, inda ake sayar da kayan matattun motoci, wani mai kaya ya nuna mini sifirin ɗin Land Cruiser, wadda ake kira Shas, an ciro daga motar da gabanta ne kawai ya mutu. Ganye masu kauri, wallahi abin sha'awa, kuɗin kuma bai kai na sabon na Hilux ba. Ya ce in na ɗaura shi na huta har in sayar da motar. Zai zauna ba tare da an yanka komai ba? In ya zauna, zan wuce fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, da shi? Ban biya ba tukuna, na ce ya ajiye mini zuwa Alhamis.

Usta na Sana'iyya, Makka:

Wa alaikumus salam. Ɗana, madalla da ba ka biya ba. Kada ka biya.

Ɗauki tef ka auna faɗin ganyen motarka, za ka samu milimita 60. Na Shas 70 ne. Wannan goman kaɗai ta isa ta hana shi shiga mariƙinsa na jikin shasi, ta hana yubol ɗinka, wato ƙarfen da ke ɗaure sifirin a jikin aksul, rungumarsa, ta hana shi zama a kan kujerarsa ta jikin aksul. Ga kuma tsawo. Daga 1999 da Toyota ta sa wa Shas sifirin mai murɗi a gaba, ta ƙara wa ganyen baya tsawo, ba sa'an na Hilux ɗinka ba ne. Kai, ko a tsakanin Hilux da Hilux ba a musanya da ka: wadda ta fito daga 2015 ganyenta ya fi na taka tsawo da kusan santimita 10. Kafin na Shas ya zauna sai an yanke mariƙan an sake walda a wani wuri, ni kuwa ba na kai wutar walda jikin shasin motar da ke ɗaukar kaya a babban titi. Sirdin raƙumi ne za a ɗora wa jaki.

A ce ma ka samu wanda ya yarda ya yi maka. Santabol, kusar da ta ratsa tsakiyar ganyen, shi ne ke tsayar da aksul a mazauninsa. In nisansa daga idon gaba na sifirin ɗin ya sha bamban da na asali, aksul ya matsa ke nan, farfela ta shige ciki da yawa ko ta zaro, kuros ya fara cin kansa, ka riƙa jin kaɗawa a ƙarƙashin kujera. In kuma gefe ɗaya ya ɗara ɗaya ko da kaɗan ne, motar a karkace za ta riƙa tafiya, tayoyin baya su cinye ta gefe. Shokozoba ma tsawonsa ba zai kai ba, tiyon birki ya ɗame.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne birki, tun da ka ambaci Ɗa'ifa. Kwanta ƙarƙashin motar ka duba saman aksul na baya. A yawancin Hilux na waɗannan shekarun akwai wani ɗan bawul a jikin shasi, da siririn ƙarfe da ya taho daga gare shi ya kama aksul. Da shi motar ke gane nauyin da ke kanta. In ka yi lodi bodi ya sauko, ƙarfen ya motsa, bawul ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In babu kaya sai ya rage, don kada tayoyin baya su kulle. Yanzu ka sa sifirin da tan guda ba ya lanƙwasa shi: kaya na kan mota, bawul na ganin wayam take. Duk aikin sai ya koma kan birkin gaba. A shimfiɗaɗɗen titin Jidda zuwa Makka ba lalle ka lura ba. A gangaren Hada, hanyar saukowa daga Ɗa'ifa, za ka lura, lokacin da birkin ya ɗau zafi, kana takawa tana ci gaba da tafiya.

Ɗan Gadarif:

Usta, Allah Ya ƙara girma, ban isa in ja da kai a sana'arka ba. Amma mu a Sudan da irin wannan haɗe-haɗen muka tashi. Boksi, wato Hilux a wurinmu, ba ta shiga ƙauye lokacin kakar riɗi da dawa da sifirin ɗin kamfani. Buhun dawa wajen kilo 90 ne, ga mutane a kai, ga hanyar baƙar ƙasa da damina ta bar ta duk kwari. Maƙera kan ƙara ganye biyu ko uku, in ba a samu na Hilux ba a yanko daga na wata motar a rage faɗinsa a huda, kuma motocin suna shekaru suna aiki. Ni dai ina ganin kada a tsorata bawan Allah da yawa. Abin da zan yarda da shi, mu a can ba gudu ake yi ba, kuma babu dutse irin na Ɗa'ifa.

Usta na Sana'iyya, Makka:

Ɗan'uwa, ai ƙarshen maganarka ita ce tawa. Kuma ka lura, ƙarin ganye kuke yi a kan uwar sifirin ta asali, ido da santabol suna inda kamfani ya sa su. Wannan ni ma ina yi. Abin da ake son sayar wa yaron nan daban ne.

Sai dai ko ƙarin ganyen ba ya ƙara wa mota abin da za ta iya ɗauka, tsayuwa kawai yake gyara mata. A Hilux, sandar aksul ɗin da ke juya taya ita ce kuma ke ɗauke da nauyi, a kan boris guda kowane gefe. Boris ɗin bai san ka canza sifirin ba. Taya ma haka, ga zafin kwaltar nan tamu da rani.

Direban Halaga, Jidda:

Baba Usta, Allah Ya saka da alheri. Na leƙa ɗazu bayan la'asar, bawul ɗin yana nan, ƙarfen nasa duk ƙura da tsatsa. Na kuma ga ganye na biyu a ɓangaren direba ya tsage daf da yubol, tsagar ta yi ja. Na zauna na yi lissafin ruwan da nake ɗauka lokacin aikin Hajji: katan mai gora 40, kowace milimita 330, ya haura kilo 13 ke nan. Katan 100 sun wuce kilo 1,300, ban sa kaina da yaron mota ba. To Baba, me zan saya? Rage lodin nan da wuya, don kuɗin sawu ɗaya ake ba ni, amma ina da yara, ba na son abin da zai raba ni da su.

Mai Dabbab, Kudai:

Yaya, kan maganar fahas da ba a amsa maka ba: masu fahas suna da rami, suna shiga ƙarƙashin mota da fitila, suna kuma ɗora ta a kan injin da ke auna birkin gaba daban, na baya daban. Sabuwar walda a shasi ba ta ɓuya. A dokar murur (hukumar kula da zirga-zirgar motoci) ma yi wa jikin mota sauyi ba da izini ba laifi ne, kuma in fahas bai fita ba istimara, takardar rajistar mota, ba ta sabuntuwa. Ganyen nan da ya tsage shi kansa zai iya mayar da kai.

Usta na Sana'iyya, Makka:

Ɗana, kada ka sake yin lodi a kan tsagaggen ganyen nan, ko buhu ɗaya. Nemi sifirin na ƙirar motarka, akwai mai ƙarin ganye da ake yi wa masu ɗaukar kaya, ka canza duka ɓangarorin biyu rana ɗaya. In ka fi son na tashlihi, je da tsohon naka a jera su a ƙasa: ido zuwa ido, idon gaba zuwa santabol, faɗi, da zurfin lanƙwasa. Yubol sabo za ka saya, wanda aka taɓa ɗaurewa ya riga ya miƙe. Bushin da robar nan da ta cinye su ma sababbi. Kada a ƙarasa ɗaure kusoshin ido sai an sauke motar ta tsaya da tayoyinta, in ba haka ba bushin zai murɗe ya yage. Shokozoba a matsa shi da hannu, in ya saki a canza.

Daga nan ka tsaya a kan bakaniken ya wanke ƙarfen bawul ɗin ya sake saita shi daidai da sabon tsayin motar, da yawa mantawa suke yi. In ka yi aiki na mako guda ka koma a sake matse yubol. Ruwan kuma ka tsaya a katan 60 zuwa 65, ka jera mafi yawa ta wajen gidan direba, sauran ka ce wa mai shago sawu biyu ne.