Langur: wane suna za mu sa wa wannan biri?

'Yan uwa masu fassara, jiya maganar langur ta taso, birin nan na Indiya da Nefal da Siri Lanka mai gashi ruwan toka, baƙar fuska da baƙaƙen tafuka. Ga inda muka kwana.

Wani ya ce "dogon-wutsiya". Yana da hujja, don asalin sunan a Sanskirit, tsohon harshen Indiya, mai wutsiya yake nufi, kuma wutsiyarsa ta fi jikinsa tsawo. To amma jan birinmu ma ba gundumi ba ne. "Mai baƙar fuska" kuwa kirka ya riga shi.

"Birin Hanuman" ya fi samun magoya baya. Mabiya Hindu na danganta shi da abin bautarsu Hanuman, shi ya sa a birnin Jodfur na Indiya yake hawa katanga ya karɓi abinci a hannun mutane ba mai jifansa. Ni dai bai kwanta mini ba. Malamin makaranta zai ɓata rabin darasi yana bayanin Hanuman kafin ya kai ga dabbar.

Malam, ka duba cikinsa. Tumbinsa kashi-kashi ne, cike da ƙwayoyin bakteriya masu ruɓar da ganye, kusan irin na saniya, sai dai ba ya tuƙa. Da wannan yake cin ganyen da sauran birai ba sa iya narkarwa, ya kai rani lafiya lokacin da 'ya'yan itace suka ƙare. Yana ci a sama yana zubarwa, barewar Indiya mai ɗigo-ɗigo na tsinta a ƙasa, in ya hango damisa ya yi haushi kowa ya kama gabansa. Saboda haka na ce "birin ganye".

An ce ai a gari har burodi yake ci. Gaskiya ne, kwaɗayi ne, tumbin bai canza ba.

Wata malama ta kawo gyara mai kyau: birin kolobus na gandun dajin Gashaka-Gumti a Najeriya danginsa ne, irin tumbinsu ɗaya. To sai "birin ganye" ya zama sunan dangin duka, wannan kuma "birin ganyen Indiya". A ambaton farko a haɗa da langur, don mai neman ƙarin bayani a intanet.

Saura jam'i: "biran ganye" ko "birukan ganye"? Sakkwatawa da Damagarawa, muna jiran naku.