Neman shawara: ina son sayar da ukulelen marigayi mahaifinmu, na rasa mai sanin darajarta

Abban Hanifa, Tudun Wada, Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani abin kiɗa da mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bari, wanda ake kira ukulele. Ga wanda bai san ta ba, ta yi kama da ƙaramar jita, sai dai tsirkiyarta huɗu ce, kuma tamu irin wadda ake ce wa tenor ce, mai tsawon kimanin inci 26. Baba ya yi karatu a Amurka tun kafin a haife mu, a can ne ya yi abota da wani mutumin Hawai wanda sana'arsa ke nan, shi ne ya ƙera masa ita da hannunsa lokacin da za su rabu. Baba ya daɗe yana koyarwa a Samaru, da ya yi ritaya muka dawo Tudun Wada, kuma ba ya ɗauko ta sai dare ya yi an rufe zaure, domin ba ya so maƙwabta su ce malami guda ya koma makaɗi. Hajiya kuwa ba ta taɓa ƙaunar ganinta ba. Yanzu kuɗin haya ya taso mini. Na kai ta wani shagon kayan kiɗa a Sabon Gari, mai shagon ya jujjuya ta ya ce ta wasan yara ce, ya taya Naira 25,000, na ce albarka. Na sa hotonta a Jiji da Facebook, masu kira ba su wuce tambayar ko gurmin Turawa ne ba. Ina zan kai ta?

Injiniya, Samaru: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi daidai da ka ƙi sallamawa, amma ka cika mu da tarihin Baba ka bar abin da mai saye zai fara tambaya. Ka leƙa ramin da ke tsakiyarta da tocila, domin maƙera na ƙwarai suna manna takarda a ciki mai ɗauke da sunansu da shekarar ƙira. Sannan wane itace ne? Asalin ukulele daga 'yan tsibirin Madera na ƙasar Fotugal ne, waɗanda suka isa Hawai a 1879 da ƙananan jitocinsu, kuma tun daga lokacin itacen da aka fi daraja shi ne koa, wanda a Hawai kaɗai yake tsirowa. Kamfanin Kamaka tun 1916 yake ƙera ta da shi a Honolulu. Idan taka tsantsar koa ce, ba siraran fallaye da aka lilliƙa ba, to kasuwarta ba a Zariya take ba, ba ma a Kaduna ba. Ka nemi mai saye a ƙasar waje, a biya ka da dala.

Maman Ikram, Gyallesu: Ni dai ina roƙonka kada ka ba dillali. Haka na ba wani keken ɗinkin mahaifiyata, ya ce akwai mai so a Kano, daga ƙarshe ya kawo mini rabin abin da muka yi magana, ya cire la'adarsa a ciki, kuma har yau idan muka haɗu shi ne mai ɗaure fuska. Mutanen yanzu ba sa tsoron kayan marayu.

Malam, Ƙofar Doka: Ɗana, kafin a je ga farashi, ban ji ka ambaci rabon gado ba. Idan ba a raba ba, wannan abu ba naka ba ne kai kaɗai, Hajiya da ƙannenka suna da haƙƙi a cikin kuɗinsa ko da ba sa son ganinsa. Game da cinikin kayan kiɗa kuma akwai maganganun malamai, ya kamata ka zauna da malaminka tukuna.

Abban Hanifa: Na gode Malam, Allah Ya ƙara girma. Babu wanda ya kula da ita a gidan sai ni, ni nake goge ta tun Baba yana raye, saboda haka ban ga abin da zai kawo jayayya ba. Yaya Injiniya, takardar tana nan amma rubutun ya dushe. Itacen ruwan zuma ne mai zane-zane. Akwai wata siririyar tsaga a bayanta, amma ba ta hana ta amo ba, kuma ina shafa mata man zaitun duk hunturu.

Injiniya: Ikon Allah! Sai yanzu za ka ce akwai tsaga? Wannan shi ya kamata ka fara faɗa. Hunturunmu ne ya yi aikinsa, domin irin wannan itace yana son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, iskar Zariya kuwa a watan Janairu ba ta ko kusa da haka, shi ya sa yake ƙanƙancewa ya tsage. Abin mamaki shi ne tsagar ma alama ce mai kyau, tunda mai fallaye ba kasafai take tsagewa haka ba. Amma man zaitun ɓarna ne, idan ya shiga tsagar gam ba zai kama ba ranar da za a gyara. Ka daina yau, ka sassauta tsirkiyoyin, ka sa ta a akwatinta tare da jiƙaƙƙen soso a cikin ƙaramar roba mai huji, ba tare da ruwa ya taɓa itacen ba. Kada kuma ka kai wa kafinta.

Ɗan Wusasa: Da girmamawa Injiniya, maganar dala tana da daɗin ji, amma wa zai aiko da kuɗi daga Amurka a kan abin da ba a san maƙerinsa ba, ga tsaga, ga kuɗin aikawa da ka iya cinye ribar? Mai gidan haya ba zai jira wannan ba. Matasan da suke kiɗa a coci-coci a nan da Sabon Gari sun san jita, akwai kuma ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello. Ka bar su su kaɗa ta su ji, wanda ya ji amonta zai fi mai shago tayi.

Injiniya: Ɗalibin da yake lissafin kuɗin abinci ne zai sayi koa? Na daɗe ina faɗa, mu nan ba mu san darajar aikin hannu ba. Ko garayar da kakanninmu suka bari ƙwari ne suke cinye ta a rumbu.

Abban Hanifa: Ni fa Baba da kansa na ga yana shafa mata mai, kuma ta kai wannan shekaru lafiya, don haka ban yarda man ne matsala ba. Soso mai ruwa kuma ina tsoron ya jawo mata fumfuna. Maganar ɗalibai, ba na so ta yi ta yawo hannu-hannu a ƙara mata wani rauni. Abin da nake so shi ne a faɗa mini adadin da zan tsaya a kai.

Injiniya: Babu mai yanka maka farashi bai ga takardar ciki ba. Ka ɗauki hotonta da hasken rana, da na tsagar kusa-kusa, ka turo.

Ɗan Wusasa: Akwai wani abokina da ya ce zai iya ba da Naira 60,000 idan ya gwada ta ranar Asabar.

Malam: Har yanzu dai ban ji ka ce ka sanar da Hajiya ba.

Abban Hanifa: Naira 60,000 ba za ta kai ko rabin hayar ba. Hoton kuma sai ƙanena ya dawo daga Funtuwa, domin kyamarar wayata ta lalace.