Wace daura (kwas na horo) ta dace da mai son zama tafintar kurame a Saudiyya?

Ummu Hafsa, Makka:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawara game da 'yar yayana, shekarunta 22. Iyayenta duka kurame ne. Babanta da maganar hannu ta Kano ya taso, mamarta kuma a Ma'ahad al-Amal, makarantar kurame, ta yi karatu a nan. Tun tana ƙarama ita ke yi musu tafinta a asibiti da ofisoshi, yanzu tana so ta mayar da abin sana'a. Muna ganin tallan daura iri-iri, wata ta kwana uku, wata ta wata uku, wata ta intanet. Wacce za ta shiga? Ko iyawar da ta tashi da ita a gida ta isa?

Abu Sadiƙ, Jidda:

Wa alaikumus salam Hajiya. Iyawar gida jari ce babba, amma ba ta isa ba, kuma ga dalili.

Yarinyar nan a hannunta akwai harsuna biyu a cuɗe, wataƙila ma uku. Maganar hannu ta ƙasar Hausa harshe ne mai zaman kansa. Wadda ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya daban ce, tushenta na Amurka ne, ta shigo ta hannun Andrew Foster, kurma Ba'amurke da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Ta Saudiyya kuma daban, ta yi ƙarfi ne a cikin makarantun al-Amal da aka fara buɗewa a Riyad a 1964. Ko haruffan yatsu ba ɗaya ba ne: na makarantun Najeriya 26 ne na boko, na nan 28 ne na Larabci. A gida gauraya ba ta da laifi tunda iyaye sun saba. A gaban kurma Basaudiye kuwa, ishara ɗaya ta Kano a tsakiyar jimla ta isa ta ɓatar da shi. Aikinta na farko ke nan, ta raba su a kanta.

Daurar kwana uku an yi ta ne don ma'aikatan banki da na asibiti su iya gaisuwa da lambobi. Kada ta ɓata kuɗinta a kai. Kafin ta biya ko riyal ɗaya, ta tambayi masu shirya daurar wa ke koyarwa. In babu kurma a cikin malaman, ta wuce. Ta tambayi wane harshe ake koyarwa, domin wasu suna karantar da ƙamus ɗin ishara na bai-ɗaya na ƙasashen Larabawa, wanda jerin kalmomi ne da kwamiti ya tattara, kuma kurame da yawa ba da shi suke hira a tsakaninsu ba. Ta tambayi mutum nawa ne a aji. In sun haura goma sha biyar, malami ba zai iya ganin hannun kowa ya gyara ba. Sannan ko ana ɗaukar ɗalibi a bidiyo a zauna a duba aikinsa, kuma ko akwai jarrabawa ta fuska biyu, daga murya zuwa hannu da daga hannu zuwa murya.

Ta fara bincike daga ƙungiyoyin kurame masu rajista da kulob ɗinsu na garinku, su suka san tafintan da ake ganewa. Lokacin da bita ke yawaita shi ne Makon Kurame na Larabawa a ƙarshen Afrilu, da wajen 23 ga Satumba, ranar harsunan ishara ta duniya.

Atisayen da za ta fara yau: ta sa labarai na minti biyar, ta jingina waya ta yadda hoto zai kama daga ƙugu zuwa taƙi ɗaya saman kai, ta yi tafinta. Ta bar mai magana ya riga ta da daƙiƙa uku zuwa biyar. In ta manne masa, sai ta koma jera ishara kalma bayan kalma a tsarin Larabci, jimlar ta fito ba kai. Daga nan ta kashe sauti ta nuna wa kurman da ba ɗan gidansu ba, ya maimaita mata abin da ya fahimta. Abin da ya ɓace a hanya, nan ne aikinta.

Maman Zainab, Madina:

Ni kan ɗabi'un gida zan tsaya, don su ne suka fi wuyar cirewa ga 'ya'yan kurame. Sun saba taƙaita magana, da tace labari mara daɗi don kada ran uwa ya ɓaci, da amsa wa likita tambaya a madadinta tunda sun san amsar. Duk wannan ƙauna ce ta kawo shi, amma a aiki yana cutarwa. Tafinta na faɗin duk abin da aka faɗa, da “ni”, ba “ta ce wai” ba, kuma abin da ta gani a ɗakin likita a nan take barinsa, ko da marar lafiyar maƙwabciya ce a unguwar Shari' Mansur ta Makka.

A asibiti ta tsaya gefen likita, ɗan baya kaɗan, don marar lafiya ta ga su biyun a kallo ɗaya. Kada taga ta kasance a bayanta, fuskarta za ta yi duhu. Inda aka fi samun matsala shi ne lambobi. “Sau uku a rana” da “kwana uku” suna saurin rikicewa in hannu ya yi gaggawa, haka ranar dawowa, ta Hijira ce ko ta Miladiyya. Ta sa likita ya rubuta, marar lafiya kuma ta maimaita da hannunta. In an sa wa kurma ƙarin ruwa a hannun da take magana da shi, a roƙi nas ta mayar ɗaya hannun in zai yiwu.

Sai batun niƙabi. Rabin nahawun wannan harshe a fuska yake. Ɗaga gira ne ke mayar da magana tambaya, kumatu da leɓe ke nuna girma ko ƙanƙanta. In fuska a rufe take, tambaya sai ta zama labari. Ta tsara wannan tun wuri: in ba ta buɗe fuska gaban maza, ta nemi aiki a sashen mata, makarantun 'yan mata da tarukan mata, kuma buƙatar a can mai yawa ce. Baƙar abaya da duhun fata kuma suna haɗiye hannu daga nesa, gara toka ko ruwan ƙasa mai haske, ba zane-zane a jiki, ba awarwaro, hannun riga a tsuke.

Kuma Hajiya, ko ta ƙware, ranar da za a gaya wa mahaifinta sakamakon gwaji mai nauyi ku nemi wata tafinta. Ranar nan 'ya ce, ta zauna ta riƙe hannun babanta.

Garba Kurma, Makka:

Ni kurma ne. Inna, ki gaya mata ta kula da mayar da hannunmu zuwa murya. Kurma mai ilimi zai yi bayani mai zurfi, tafinta ya fitar da shi da Larabcin kasuwa, sai a ɗauka iyakar saninsa ke nan. Ta ƙarfafa fusha, wato daidaitaccen Larabci, ta koyi kalmomin kotu da na asibiti. In ba ta gane mu ba ta tsayar da mu ta tambaya, kada ta gyaɗa kai ta cike da zato.

Taron da ya wuce awa ɗaya tafinta biyu yake so, suna canji kowane minti ashirin. Bayan haka kuskure na ƙaruwa, mu muna gani ko ita ba ta ji ba. Wuyan hannu da kafaɗa ma suna lalacewa. Ta riƙa motsa su minti biyar kafin aiki, in yatsu sun fara jin kamar kiyashi na tafiya ta je ga likita.

Ummu Hafsa, Makka:

Allah ya saka da alheri. To maganar hannun Kano fa, ta ajiye ta ke nan?

Garba Kurma, Makka:

A'a, ta riƙe ta da kyau. Duk Hajji da Umara kurame na zuwa daga Najeriya da Nijar, su shiga asibiti ko su ɓace wa tawaga, tafintan nan ba sa gane su. Ta riƙa zama da babanta awa ɗaya a mako da harshensa zalla, tana ɗauka a bidiyo da izininsa, kuma ta koyi haruffan boko 26 don waɗanda suka yi makaranta.