Wane suna za mu ba wa "parole" a Hausa?

Tun da aka sanya hannu a kan dokar 2019 da ta mayar da gidajen yarin Najeriya gidajen gyaran hali, kalmar parole, wato sakin fursuna bisa sharaɗi kafin wa'adinsa ya cika, ta shiga bakin lauyoyi da 'yan jarida, domin tana cikin matakan da dokar ta tanada don rage cunkoso a wurare irin su Kurmawa da Kuje. Har yanzu ba mu tsayar mata da suna ɗaya ba, kuma abin yana damuna.

A watan Janairun 2024, lokacin da Afirka ta Kudu ta saki ɗan tseren nan Oscar Pistorius, wanda ya kashe budurwarsa a 2013, na ji wani dattijo a majalisarmu ya ajiye rediyonsa cikin ɓacin rai yana cewa an yi wa mai kisan kai afuwa. Alhali ba a yafe masa komai ba. Wa'adinsa yana nan har 2029, an hana shi shan giya da hira da 'yan jarida, kuma idan ya karya sharaɗi za a iya mayar da shi kurkuku. Afuwa ikon shugaban ƙasa ce ko gwamna, tana iya shafe hukuncin baki ɗaya. Beli ma bai dace ba, tunda galibi na wanda ake tuhuma ne kafin a yanke masa hukunci.

Shawarata ita ce mu tsaya a kan "sakin talala". Duk wanda ya taɓa kiwo ya san talala: a ɗaure akuya da doguwar igiya a jikin turke, ta yi kiwonta, ta sha iska, amma da ta kai ƙarshen igiyar sai ta ji an fizgo ta. Haka fursunan da ya ci wani kaso na wa'adinsa, ya nuna halin kirki, aka sallame shi ya ƙarasa sauran a gida ƙarƙashin sa idon jami'ai.

Na san za a ce muna da "ɗaurin talala". To, a bar wannan ga wanda aka tsare a gidansa ko aka jingine hukuncinsa bai kwana a gidan yari ba. Wanda ya shiga, ya ɗanɗana, sannan aka buɗe masa ƙofa da sharaɗi, shi ne za a ce an yi masa sakin talala.