Yashin wasan yara mai tsayawa idan an damƙa: yaya ake haɗa shi a gida?

Maman Biyu, Gwammaja

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wa ya san yadda ake haɗa yashin nan na wasan yara, wanda ake cika kofi da shi a kife ya fito da siffar kofin? Na kanti ya yi tsada, leda ɗaya kuma ba ta isar yara biyu. Na gwada yashin gini da kwanfulawa da ruwa. Ranar farko ya yi kyau, washegari ya bushe ya ƙi haɗuwa. Da na ƙara ruwa na rufe a roba, kwana uku sai ga tsami da baƙin ɗigo-ɗigo a kai. Babban shekararsa 5, ƙaramar 2, ita kuwa komai ta samu baki take kai shi. Wane yashi ya dace, mene ne awon, kuma yaya zan ajiye shi ya daɗe?

Malamar Reno

Wa alaikumus salam Maman Biyu. Ruwan ne ya ɓata miki aiki. Shi ke riƙe ƙwayoyin yashi da juna, to da iska ta shanye shi sai komai ya warwatse, da hunturu ma ko wuni ba ya kaiwa. Idan kuma aka rufe shi da danshi, gari da ruwa da zafin Kano sun haɗu ke nan, dole ya yi tsami ya yi hunhuna. Mai za ki sa a madadin ruwa, don shi ba ya bin iska.

Ki ɗauki abin awo guda, kofi ko gwangwanin madara, ki auna komai da shi:

Rairayi mai laushi, wankakke, busasshe: 5
Kwanfulawa ko garin sitacin rogo: 3
Mai: 1

Ki fara cakuɗa yashin da garin a bushe cikin baho har launinsu ya zama ɗaya, ba fari nan ja can ba. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ya sa ake samun gudaji, domin mai idan ya faɗa kan zallan gari dunƙulewa yake yi. Sai ki zuba kashi uku cikin huɗu na man, kaɗan-kaɗan, kina murzawa tsakanin tafukan hannu kamar mai murza dambu. Ki yi minti biyar zuwa goma kina yi, kada ki gaji, da farko zai yi kamar man bai isa ba alhali bai gama ratsawa ba ne. Ki bar shi ya huta rabin awa kafin ki yanke hukuncin ƙara sauran.

Gwajinsa a hannu yake. Ki damƙi cikin tafi ɗaya ki buɗe. Idan ya tsaya da shatin yatsunki, kika dangwale shi ya ruguje a hankali, ya yi. Idan ya zube tun kina buɗe hannu, ƙara mai cokali ɗaya. Idan tafinki ya yi ƙyalli ko yana manne miki, mai ya yi yawa, ƙara yashi cokali biyar da gari cokali uku, wato dai awon farko a ƙarami.

Sitacin rogo ya fi kwanfulawa araha, kuma aikinsu ɗaya, amma ki tabbatar zalla ne, ba na guga wanda aka sa wa turare ba, ki kuma daka shi ki tankaɗe don yakan zo da ƙulalai. Kastad ma sitacin masara ne, sai dai ban ba da shawararsa ba: ƙamshinsa na kiran tururuwa, yana kuma sa yaro ya ɗauka abinci ne. Fulawa tana yi idan babu sitaci, amma ta fi nauyi a hannu kuma ƙwari sun fi saurin shigarta.

A kan mai, na jarirai ya fi daɗewa don ba ya canza wari. Man gyaɗa da sauran man girki suna yi, amma da zafin bazara, watan Maris zuwa Mayu, bayan 'yan makonni za ki ji ya fara warin tsohon mai, daga nan sai zubarwa. Manja kam a'a, zai rine kaya da tabarma.

Ni a ganina wannan wasa ya fi ƙarfin a kira shi ɓata gida. Tuwon ƙasar da muka sani ne aka tsaftace shi. Damƙa da murza da cika cokali a juye su ne ke ƙarfafa 'yan yatsun da gobe za su riƙe fensir da alƙalamin allo. Ki baje shi a faranti babba, ɗan shekara 5 ɗin ya riƙa zana baƙaƙe da lambobi da yatsa, ya shafe ya sake.

Magini, Ƙofar Ruwa

Hajiya, abin da Malama ta faɗa daidai ne, amma idan yashin bai yi ba, ko wane awo kika bi ba zai kama ba. Yashin da tifa ke kawowa iri biyu ne a taƙaice: mai tsakuwa-tsakuwa na buga bulo da kankare, da mai laushi na filasta. Na filasta za ki nema. Mai manyan ƙwayoyi ba ya kama siffa, saboda wuraren da ƙwayoyin ke taɓa juna kaɗan ne, man ba ya samun abin riƙewa, ga shi yana kartar hannun yaro. Turɓayar tsakar gida ita ma ba ta yi, ƙura ce da laka, da mai ya taɓa ta sai ta zama caɓi.

Kada ki ɗiba daga gefen tulin da ake kwaɓa siminti. Siminti yana cin fata, yana kuma da haɗari ga ido. Ki ɗebo daga cikin sabon tuli, ba daga sama ko gindi ba inda karnuka da kyanwoyi ke tsugunawa. Na bakin kwata, na gefen rafin Jakara, da na duk inda ruwan masana'anta ke bi, a bar shi inda yake, wanki ba ya raba shi da abin da ya sha.

Bokitin fenti ɗaya ya ishe ki. Ki tankaɗe shi a bushe da rariyar gari wadda kika daina amfani da ita, a waje, iska na bayanki, yara ba sa kusa. Abin da zai rage a rariyar zai ba ki mamaki: tsakuwa, ƙusa, wani lokaci har fasasshiyar kwalba. Sai ki zuba rabin bokiti, ki cika da ruwa, ki juya da itace, ki jira kamar rabin minti yashin ya kwanta, ki tsiyaye jan ruwan da ke sama. Ki maimaita sau biyar ko shida, har ruwan ya fito garau. Wannan jan ruwan shi ne laka da ƙurar da ke tashi ta shiga ƙirji, don haka kada ki yi ƙyashin ruwa a nan.

Shanya: a baje a kan buhu ko tire, kaurin bai wuce yatsa biyu ba, a rufa masa tsohon gidan sauro saboda kaji da kyanwa, a riƙa juyawa. Da rani wuni ɗaya zuwa biyu ya isa. Da damina, musamman Agusta, rana ba ta gama aikin, sama ya bushe ƙasa da danshi. Ko ma wane lokaci ne, ki ƙarasa shi a wuta cikin tsohuwar tukunya, kina juyawa minti 15 zuwa 20, kamar yashin masu suyar gyaɗa. Zafin zai kashe ƙwayayen tsutsa ya kuma kori sauran ruwan. Ki kula, yashi yana riƙe zafi fiye da yadda ido ke gani, ki ba shi awa guda ko fiye, ki tura hannunki har ƙasa ki ji kafin yaro ya matso.

In kina shakkar bushewarsa, ki zuba kaɗan a kwalba ki rufe ki ajiye a rana. Idan kika ga gumi a jikin kwalbar daga ciki, da saura.

Anti Nas

'Yar uwa, ƙaramar ce ta tsaya mini a rai. Yarinyar da ke kai komai baki ba a ba ta haɗin da ke da yashi da man jarirai. Man jarirai daga man fetur ake tace shi, kuma idan yaro ya kurɓa ya sarƙe shi ya gangara huhu, matsala ce babba, don haka kwalbar ma a ɗaga ta sama.

Ita ki yi mata nata daban, babu yashi ko kaɗan: fulawa awo 8, man girki awo 1, a murza har ya yi kamar ɗanyen rairayi. Yana kama siffar kofi sosai, ya ma fi laushi. Amma ɗanyar fulawa tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa, saboda haka a fara gasa ta a busasshen kasko kan wuta kaɗan, ana juyawa ba tsayawa, kamar minti 8 zuwa 10, har ta yi zafi ko'ina ta fara ƙamshi, kada dai ta yi ja. A bari ta huce, a tankaɗe, sannan a sa mai. Wannan rage haɗari ne, bai mayar da shi abinci ba. Ɗan lasa ba komai, amma idan ta cika baki da shi zai iya shaƙe ta, don haka babba ya zauna kusa har a tashi. Ki yi kaɗan, na mako ɗaya, ki zubar ki sake.

Idan akwai yaron da gyaɗa ba ta karɓe shi ba, yana yin ƙuraje ko kumburi in ya ci, a yi da man kwakwa ko wani man. Wanda alkama ke damu kuma, a yi masa da garin shinkafa mai laushi. Mai asma a yi masa wasan a waje, kuma kada a yi tankaɗe yana wurin.

Kayan wasan ma a duba. Duwatsun ado, maɓallai da tsabar kuɗi da ake ɓoyewa cikin yashi don yaro ya tono, na manya ne, ban da 'yan ƙasa da shekara 3. Gwangwanin tumatir da aka yanke bakinsa yana yanka yatsa. Kofin roba, ludayi, murfin kwano da farantin ƙanƙara sun wadatar, duk akwai su a Ƙofar Wambai. Idan yashi ya shiga ido kada a bari ya murza, a zuba ruwa mai tsafta da yawa ta gefen hanci ya gangara waje, in yana ci gaba da ja ko ciwo a je asibiti. Idan kuma kin lura tana neman ƙasa da kanta tana ci kullum, ki sa a auna jininta, wani lokaci alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jiki.

Maman Biyu, Gwammaja

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Malama na bi awonki, ya kama. Saura biyu: na ɗiga kalar kek a kai sai ta tsaya ɗigo-ɗigo ta ƙi bazuwa. Kuma nawa ba ya yin wannan jan da na kanti ke yi, wanda yake malalowa a hankali kamar mai rai.

Malamin Kimiyya, Tarauni

Hajiya, kalar kek ta ruwa ce, ruwa da mai kuwa ba sa haɗuwa, shi ya sa ta dunƙule. Yashin ake rinawa tun kafin a sa mai. A narka kalar a ruwa cokali biyu ko uku, a zuba kan wankakken yashin cikin leda, a ɗaure a girgiza har ta game, a shanya ya bushe ƙarau, sannan a kawo gari da mai. Ki sa launin ya fi yadda kike so kauri, domin farin sitaci zai dusashe shi. Yashin da ya fi haske ya fi karɓar launi, ja-ja-jan nan shuɗi ba ya fita a kansa.

Ga wanda kika riga kika kwaɓa, busasshen launi za ki nema. Allin makaranta mai launi, a goga a rariya ya zama gari, sanda biyu ko uku sun isa haɗi ɗaya. Gangamau yana narkewa a mai, ƙaramin cokali ɗaya zai ba ki rawaya mai kyau, sai dai yana kama hannu da fararen kaya. Garin zogale yana ba da kore mai duhu, kuma shi da gangamau za a iya sa su a na ƙaramar. Kuka kada a gwada, da hannu mai gumi ya taɓa ta sai yauƙi. Garin rinin tufafi kuma ba na hannun yara ba ne sam.

Batun ja da malalowar nan irin ta na kanti, gaskiya na gida ba zai yi shi sak ba. Kinetic Sand na kanti kashi 98 cikin 100 yashi ne, kashi 2 kuma wani man silikon ne mai danƙo da ke lulluɓe kowace ƙwaya, shi ke sa ƙwayoyin su manne wa juna ba su manne wa hannu ba, su kuma riƙa rabuwa a hankali. Man girki ba shi da wannan danƙon. Akwai masu kwaikwayonsa da farin gam na kafintoci da ruwan boraks (wani farin sinadarin wanki), yana ɗan ja kam, amma yana bushewa cikin kwanaki, boraks kuma yana fusata fata, yana da illa in an haɗiye. A gidan da ke da 'yar shekara 2 ban ga dalilin shigo da shi ba.

Ajiya: roba mai murfi da ke rufuwa sosai, a ɗaki mai sanyi, ba kusa da murhu ko taga ba. Yara su wanke hannu su goge ya bushe kafin su fara, jiƙaƙƙen hannu shi ke kai danshin da ke jawo hunhuna. Idan bayan makonni ya fara sakin jiki, cokali ɗaya na mai a murza ya dawo. Wanda ya zuba a tayil a share shi a bushe tukuna, sannan a goge da ruwan sabulu don santsi, gara ma a shimfiɗa tsohon zani ƙarƙashin bahon tun farko. Ranar zubarwa a ƙulle shi a leda a kai shara, kada a tura shi makwarara, yashi da mai da sitaci suna daskarewa cikin bututu su toshe shi.